BAƘO DA MAKAMIN MAI GIDA: NAZARIN WANI FAGE A ƘAGAGGUN LABARAN KIMIYYA

Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe yana karanta ƙagaggun labaran kimiyya, ko yana kallon wasanninsu a talabijin da majigi, zai shaida cewa akwai wani fage da marubutan wannan fanni ba su gajiya da komawa gare shi. Fagen kuwa shi ne inda baƙi za su sauka a wata tasha da aka kafa can a sararin samaniya, su ɗauka kasuwa ce ko zangon matafiya, sai daga baya idonsu ya buɗe su ga ashe a kan tarin makamai suke zaune. A wannan ɗan nazari muna so mu ɗauki wannan fage mu feɗe shi, mu ga abin da ke sa ya yi armashi a hannun wani marubuci, ya kuma yi lami a hannun wani. Za mu fi mai da hankali ga wasan talabijin na Amurka mai suna Star Trek: Deep Space Nine, wanda Rick Berman da Michael Piller suka ƙirƙira, aka nuna shi daga 1993 zuwa 1999 cikin kashi 176. Daga nan sai mu gwama shi da fim ɗin Star Wars na 1977, da kuma littafin Arthur C. Clarke mai suna Rendezvous with Rama na 1973.

Wataƙila wani zai ce me ya haɗa marubucin Hausa da tashar sama. To, tun a 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a kamfanin NNPC na Zariya, inda ya ɗauki yaro Kilba ya haɗa shi da Kolin Koliyo suka yi sama. Ke nan an daɗe da share hanyar, mu ne muka bari ta yi ciyawa. Bugu da ƙari, matsalar da ke cikin wannan fage ta kowane mai ba da labari ce, ko na soyayya yake rubutawa ko na yaƙi: yaya ake ɓoye wa mai karatu abu ba tare da an cuce shi ba, kuma a wane lokaci ya kamata a fito da abin?

Tasha dabam, kumbo dabam

Kafin mu shiga labarin ya kamata mu bambance tasha da kumbo, domin a nan gishirin fagen yake. Kumbo matafiyi ne, in ya ga abin da ya fi ƙarfinsa sai ya juya ya ranta a na kare. Tasha kuwa gari ce, inda aka kafa ta nan za ta tsaya, komai zai zo ya same ta. A cikin tashar Deep Space Nine akwai kasuwa da shaguna, da gidan caca na wani ɗan kasuwa mai suna Quark, da shagon tela, da asibiti, da wurin ibadar mutanen ƙasar, a farkon wasan ma har da makarantar yara. Idan aka ce jirgin yaƙi yana ɗauke da makamai ba wanda zai ɗaga kai, soja da bindiga ai ba labari ba ne. Amma idan aka ce a bayan bangon kasuwar da ake ɗinkin tufafi akwai makamai masu linzami 5,000 a ɗane, dole tambayoyi su taso. Wa ya ajiye su? Don wa aka ajiye su? Waɗanda ke kwana a kansu sun sani?

Shi ya sa marubuta suka fi son nuna abin ta idon baƙo. Ɗan gari ya saba, ba abin da zai ba shi mamaki. Baƙo ne ke shigowa da zato, kuma faɗuwar wannan zato ita ce labarin.

Burgar Kira

Kashin farko na wasan, mai suna Emissary, an nuna shi a watan Janairu na 1993, kuma Michael Piller ne ya rubuta shi. Ga yadda abin yake. Wasu mutane da ake kira Kardasawa sun mamaye duniyar Bajor na kimanin shekara 50, suna kwasar ma'adinanta, suna sa mutanenta aikin tilas a wata tasha da suka gina mai suna Terok Nor. Da gwagwarmayar Bajorawa ta ishe su sai suka tattara suka tafi, amma kafin su fita sai da suka yashe tashar, suka kwance duk abin da zai kwantu, suka farfasa saura. Sabuwar gwamnatin Bajor ta gayyaci Tarayyar Duniyoyi ta zo ta taya ta gudanar da wurin, aka turo Kwamanda Benjamin Sisko, aka ba shi Manjo Kira Nerys, tsohuwar 'yar sari-ka-noƙe, ta zama mataimakiyarsa. Ba a jima ba sai aka gano wata kafa a sararin samaniya kusa da Bajor, wadda ke sada wannan yanki da wani yanki mai tsananin nisa. Wannan kafa ce ta mai da kufai ya zama mararrabar fatake, ta kuma sa Kardasawa suka fara cizon yatsa.

Tsohon shugaban tashar, Gul Dukat, ya bi Sisko cikin kafar da jirginsa, kafar ta rufe, duka biyun suka ɓace. Sai ga jiragen yaƙin Kardasawa guda 3 ƙarƙashin wani Gul Jasad, suna zargin tashar ce ta hallaka jirgin ɗan'uwansu, suka ce ko a miƙa wuya ko su yi kaca-kaca da wurin. Abin da ke hannun Kira a ran nan makamai masu linzami 6 ne rak. Sai ta sa injiniyan tashar, O'Brien, ya rikita na'urorin leƙen Kardasawa, ta yadda idan suka duba za su ga kamar akwai makamai 5,000 suna jiransu. Ta kuma sa aka harba duka 6 ɗin nan lokaci guda, su gifta ta gaban jirgin Jasad a matsayin gargaɗi. Hikimar ita ce, ba mai hankalin da zai zubar da harsashinsa na ƙarshe a iska. Duk wanda aka ga ya yi haka, za a ɗauka yana da rumbu a baya.

Abin yabo ga Piller shi ne bai bar burgar ta ci gaba ɗaya ba. Jasad ya yi shakka, wani jami'insa ya ba shi shawarar a jira ƙarin jirage, shi kuwa ya ce a buɗe wuta. Tashar ta sha ruwan wuta, mutane suka jikkata, har Kira ta kai ga shirin miƙa wuya, sannan kafar ta buɗe Sisko ya fito yana janye da jirgin Dukat. Ɗan lokaci kawai burgar ta sayo musu, kuma wannan ɗan lokacin ne ya cece su. Da marubucin ya sa Kardasawa sun tsorata sun gudu, da ya mai da su wawaye, abokin gaba wawa kuwa ba ya ƙara wa tauraro daraja.

Ranar da inuwa ta zama jiki

A watan Oktoba na 1995 aka buɗe zango na 4 da wani dogon kashi mai suna The Way of the Warrior, wanda Ira Steven Behr da Robert Hewitt Wolfe suka rubuta. A tsakanin nan an gano cewa a ɗaya gefen kafar akwai wata daula mai ƙarfi da ake kira Dominiyan, wadda shugabanninta 'yan rikiɗa ne, suna iya ɗaukar siffar kowa. Tsoronsu ya cika ko'ina, kowa yana zargin maƙwabcinsa. Ana cikin haka sai ga rundunar Kilingon, wata ƙabilar mayaƙa da ke da yarjejeniyar zaman lafiya da Tarayya, ta bayyana kewaye da tashar ƙarƙashin Janar Martok. Suka ce sun zo ne su taya abokansu tsaro, suka nemi izinin sauka su huta, aka ba su. Suka cika kasuwa, suka zauna a shagon Quark shiru suna kallon kowa, abin da ba a saba gani ba ga mutanen da aka sani da hayaniya. Ga baƙi nan fa a tsakiyar gida.

Gaskiyar abin da ya kawo su shi ne yaƙi da Kardasiya. Farar hula sun kifar da mulkin soja a can, su kuwa Kilingon suka ce haka ba ta yiwuwa sai da hannun 'yan rikiɗa. Tarayya ta ƙi goyon bayan harin, sai shugaban Kilingon, Gowron, ya fusata ya soke yarjejeniyar. Sisko ya ɗauki jirgin Defiant ya je ya ceto 'yan majalisar farar hular Kardasiya, har da shi kansa Dukat, ya kawo su tashar. Kilingon suka biyo sawu da jirage masu yawa, suka ce a miƙo musu mutanen. Sisko ya ƙi, ya ce su duba na'urorinsu su ga abin da ke jiransu, wato makamai masu linzami 5,000. Martok ya ce wannan ai tsohuwar dabara ce, inuwa ce aka haɗa don a ruɗi na'ura, har ya ambaci irin dabarar nan da aka yi wa Jasad. Sisko ya tabbatar masa cewa wannan karon ba inuwa ba ce. Sai sassan tashar da mai kallo ya shekara 3 yana ɗauka bango ne suka fara buɗewa, bakunan makamai suka leƙo.

An gwabza ƙwarai, Kilingon har sun kutsa cikin tashar an yi gaba da gaba. Daga ƙarshe, da jiragen Tarayya suka ƙarato, Sisko ya nuna wa Gowron cewa ba mai cin ribar wannan faɗa sai Dominiyan, shi kuwa ya janye yana huci.

Me ya sa fagen ya ci?

Abu na farko shi ne lambar nan ta 5,000. Marubutan sun koma baya sun ɗauko ƙaryar da aka yi a kashin farko, suka mai da ita gaskiya ba tare da sun ƙara ko ɗaya ba. Mai kallon da ya tuna da burgar Kira, da jin wannan lamba sai ƙirjinsa ya buga, domin bai sani ba ko wannan ma burgar ce. Wanda bai tuna ba kuma bai yi asarar komai ba, fagen ya ishe shi. Ga marubucin da ke rubuta littafi mai kashi-kashi, wannan darasi ne babba. Abin da ka rubuta a littafi na 1 jarinka ne, kana iya komawa ka ci ribarsa a littafi na 4.

Na biyu shi ne mai shakka. Martok yana da hujjar ƙin yarda, kuma hujjar daga cikin labarin ta fito, domin an taɓa yin wannan ƙarya a wannan wuri. Saboda haka kuskurensa kuskuren mai ilmi ne, wanda abin da ya sani jiya ya rufe masa ido ga abin da ke gabansa yau. Irin wannan kuskure ya fi daɗin karatu a kan kuskuren jahili.

Na uku shi ne shuka kafin girbi. Marubucin Rasha Anton Chekhov, wanda ya rasu a 1904, ya shahara da shawarar cewa bindigar da aka rataye a bango a farkon wasa dole ta tashi kafin ƙarshensa. Mu kuma muna iya juya maganar mu ce bindigar da za ta tashi a ƙarshe dole a rataye ta tun farko. Behr da Wolfe sun yi haka cikin ruwan sanyi. Tun farkon kashin, Kasidy Yates, wata mai tuƙa jirgin dakon kaya da ke soyayya da Sisko, ta tambaye shi dalilin da ya sa ko'ina ta duba sai ta ga ma'aikata suna gyare-gyare a jikin tashar. Ya kauce wa tambayar, ya nuna mata dai cewa ana shirya wa Dominiyan wata tarba. An cusa wannan bayani ne a cikin hirar masoya, inda hankalin mai kallo yake kan wani abu dabam, sai ya wuce shi bai lura ba. Da makaman suka fito sai ya tuna an gaya masa. Wannan shi ne bambancin ba da mamaki da yaudara.

Na huɗu, kuma wanda muke ganin ya fi duka nauyi, shi ne wanda makamin ya fara ci. An shekara ana tanadinsa saboda abokin gaba, ranar farko da aka ɗana shi sai ya zama a kan abokin arziki, wanda jiya-jiya yake zaune a kasuwarka. A nan jigon kashin yake: tsoron 'yan rikiɗa ya yi wa Tarayya da Kilingon ɓarnar da 'yan rikiɗan ba su yi da hannunsu ba. Akwai kuma wanda ya biya farashin da jikinsa, wato Worf, Bakilingonen da ke aiki da rundunar Tarayya, wanda ya ƙi bin Gowron, aka ƙwace wa gidansu muƙami da dukiya. Sannan a 1996, cikin kashin Apocalypse Rising, aka bayyana cewa Martok ɗin nan shi kansa ɗan rikiɗa ne. Wannan ya sa in aka sake kallon fagen sai ya ba da wata ma'ana. Mutumin da ya yi ta cewa inuwa ce, a kai hari, shi ne wanda ya fi kowa son a yi faɗan, ko makaman na gaske ne ko na ƙarya.

Inda aka yi sake

Duk da wannan yabo, ba za mu rufe ido ga raunin fagen ba. Babban cikinsu shi ne yadda aka ƙawata makaman. Marubutan sun ɗauki lokaci suna gina abin baƙin ciki, wato faɗan abokai, amma da aka zo wurin sai aka mai da shi biki. Jiragen Kilingon suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne cike da mutane, ba a nuna mana fuskar ko ɗaya daga cikin waɗanda suka zauna a shagon Quark a lokacin da wuta ke cin sa ba. Mai kallo yana tafi ne a daidai wurin da jigon ke neman ya yi jugum. Wannan saɓani ne tsakanin jigo da salo, kuma cuta ce da ke kama duk marubucin da ya ƙaunaci makamin da ya ƙaga.

Na biyu shi ne makantar baƙin. An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, amma wannan uzuri ba ya kai ga soja. Mayaƙan da suka yi kwanaki suna yawo a tashar, masu sanin makami kamar yunwar cikinsu, yaya za a ce ba su ga abin da mai dakon kaya ta gani a zuwa guda ba? Ɗan gajeren fage guda, inda wani ƙaramin sojan Kilingon zai lura ya kai rahoto, Martok ya yi watsi da shi, da ya toshe wannan kafa, ya kuma ƙara wa asirin Martok ƙarfi daga baya.

Na uku, tashar mallakar Bajor ce, Tarayya riƙo kawai take yi. Amma a cikin wannan kashi ba mu ji muryar wani Babajore mai shago ko mai iyali yana tambayar wa ya ba da izinin a mai da gidansa rumbun makamai ba. Hirar da aka yi tsakanin Quark da tela Garak ta kusa taɓa batun, inda mutum biyu da ba su ƙaunar Tarayya suka tarar rayuwarsu tana hannunta. Sai dai an tsaya nan. Mutanen da suka sha mamaya ta shekara 50 ai suna da abin faɗa game da baƙon da ya zo taimako ya kafa igwa a tsakar gida.

Dole kuma mu yi wa marubutan adalci. A 1997, cikin kashin Call to Arms, Dominiyan da Kardasawa sun haɗa kai sun auka wa tashar. Makaman nan sun yi aiki, sun hallaka jirage da yawa, amma duk da haka sai da Sisko ya kwashe mutanensa ya bar wurin, Dukat ya dawo ofishinsa na da. Wato ba su bar makamin ya zama maganin kowace cuta ba.

Wasu hanyoyi biyu

George Lucas, a fim ɗin Star Wars, ya bi ta wata hanya. Tashar da ke cikin fim ɗin, Death Star, ita kanta makami ce, kuma mai kallo ya riga baƙin sanin haka, domin a gabansa aka tarwatsa duniyar Alderaan ana tilasta wa Gimbiya Leia kallo. Da Luke da Obi-Wan da Han Solo suka iso inda Alderaan take, tarkace kawai suka tarar. Suka bi wani ƙaramin jirgi zuwa abin da suka ɗauka ɗan wata ne, sai da suka matsa Obi-Wan ya gane tasha ce, kuma lokacin juyawa ya wuce. Sun ga aikin makamin kafin su ga makamin. Abin da mai kallo ke ji a nan fargaba ce, irin ta wanda ya hango makaho ya nufi rijiya. Akwai kuma bambancin manufa. Sisko ya ɓoye makaminsa ne saboda na tsaro ne, masu Death Star kuwa nuna shi suke yi, domin makamin tsoratarwa ba ya aiki sai an gan shi. Raunin labarin shi ne 'yar kafar hayaƙi mai faɗin mita 2 da aka ce ita ce lagon wannan ƙatuwar tasha. Masu kallo sun daɗe suna tambayar wane irin magini ne zai yi haka, sai a 2016 fim ɗin Rogue One ya ba da amsa, cewa ɗaya daga cikin maginan ne ya bar ta da gangan. Da ɗan gari akan ci gari, amma shekara 39 ta yi yawa ga mai karatu ya jira amsa.

Clarke kuwa ya juya fagen baki ɗaya. A littafinsa, cikin ƙarni na 22, wani ƙaton abu mai siffar ganga, mai tsawon kilomita kusan 50, ya shigo kusa da rana, aka sa masa suna Rama. Kwamanda Norton da mutanensa na kumbon Endeavour suka shiga ciki suna bincike, mai karatu kuma yana ta jiran inda makami zai fito. Makamin da ya bayyana daga ƙarshe na 'yan Adam ne. Mazauna duniyar Makyuri, saboda tsoron abin da ba su gane ba, suka aiko da makamin nukiliya don a tarwatsa Rama. Wani jami'in kumbon, Boris Rodrigo, ya je ya kwance shi, yana dogaro da 'yan mintocin da saƙon rediyo ke ɗauka tsakanin wurin da Makyuri, ta yadda kafin masu makamin su ga abin da yake yi su aiko da umurni, ya gama. Rama ta ɗebi abin da take bukata daga rana ta yi gaba, ba ta ko san da su ba. A lura cewa dabarar Rodrigo daga dokar kimiyya ta fito, wadda mai karatu zai iya aunawa da kansa. An sha sukar Clarke da cewa mutanen littafin ba su da zurfi, kuma sukar tana da gaskiya, amma a wannan fage ya fi sauran biyun kaifin tunani.

Abin da ya faru da gaske

Yana da kyau marubuci ya san cewa wannan fage yana da tushe a tarihi. A 1967 aka sa hannu a yarjejeniyar sararin samaniya, wadda ta hana ajiye makaman nukiliya da sauran makaman ƙare dangi a kewayen duniya. Har ma ta tanadi cewa tashoshin da aka kafa a kan wata da makamantansa su kasance a buɗe ga wakilan sauran ƙasashe, in sun ba da sanarwa tun da wuri. Sai dai ba ta hana ƙananan makamai ba. A 1974 Tarayyar Sobiyat ta harba wata tashar leƙen asiri ta soja, ta sa mata sunan Salyut 3 don a ɗauka ta bincike ce. A jikinta akwai igwa irin ta jirgin yaƙi, wadda aka kafe ta, sai an juya tashar baki ɗaya sannan a saita. An gwada harba ta a watan Janairu na 1975 daga ƙasa, ba kowa a ciki, dab da a sauko da tashar. Duniya ba ta ji cikakken labarin ba sai bayan rushewar Sobiyat. Makamin da sai an juya gida sukutum kafin a saita shi, ai ya ishi mai basira ya gina labari a kai.

Kammalawa

Mu dawo gida. A littattafanmu na jarumta da yaƙe-yaƙe mun sha ganin tauraro ya shiga tsaka mai wuya, abokan gaba sun kewaye shi, sai kawai ya tuna da wani zobe ko takobi da wani boka ya ba shi, wanda ba a taɓa ambatonsa ba tun shafin farko. Wasu kan kare wannan da cewa gadon tatsuniya ne. Mu kuwa muna ganin an yi wa tatsuniya ƙage, domin a tatsuniya tsohuwa takan ba yarinya kyautar ne tun da wuri, ta gindaya mata sharaɗi, kuma masu sauraro suna riƙe da sharaɗin har lokacin da za a cika shi ko a karya shi. Kakanninmu sun san shuka kafin girbi. A labarin kimiyya nauyin ya fi haka, saboda marubuci ne ke kafa dokar duniyar da kansa, in kuwa shi ya fara karya ta, ba wanda zai sake yarda da shi.

Saboda haka, ɗan'uwa ko 'yar'uwar da ke shirin rubuta irin wannan fage, ko a tashar sama ne ko a fadar wani sarki, ya tambayi kansa kafin ya ɗora alƙalami. A wane shafi na fara nuna alamar makamin, kuma da me na ɗauke hankalin mai karatu a lokacin? Wane ne baƙon da zai gano shi, kuma me ya sa yake da hujjar ƙin yarda? Wa aka tanadar wa makamin, wa kuma ya fara ci? Bayan ƙura ta lafa, me mai gida ya rasa? Idan amsar tambaya ta ƙarshe ita ce babu, to, a koma a sake rubutu. Haka nan a guji cika shafi da sunayen na'urori na aro. A gaya mana abin da na'urar ke yi da Hausar da kowa zai gane, kamar yadda kalmomi irin su kumbo da 'yan rikiɗa suka ishe mu a wannan nazari.

Har yanzu akwai labarin da muke ganin ba a ba shi haƙƙinsa ba a cikin misalan nan, wato na mai shagon da ya wayi gari ya ga bangon da yake jingina kayansa ya buɗe, bakin igwa ya leƙo. Muna fata wani daga cikin membobinmu ya rubuta shi. Fili kuma a buɗe yake ga duk wanda ke da ra'ayin da ya saɓa wa namu, mu ji daga gare shi a fitowa ta gaba.